Gwajin DNA na Neman Asali: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A Dutse, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, da zarar maganar aure ta taso sai ka ji dattawa sun tambaya: "Ɗan gidan wa ne? Mene ne asalinsu?" Amsar a bakin manya take, kuma a nan muka saba nemanta. Yanzu kuwa wasu kamfanoni na ƙasashen waje sun ce idan ka aika musu da yawunka za su gaya maka inda kakanninka suka fito. Wataƙila ka ga bidiyon wani baƙar fatar Amurka a Facebook ko TikTok yana buɗe sakamakonsa, hawaye na zuba, an ce masa shi jinin Hausawa ne ko na Fulani. Gwajin na gaskiya ne, ba damfara ba ce. Sai dai akwai tambayar da yake iya amsawa, akwai wadda ba huruminsa ba ce, kuma gara ka san bambancin kafin ka fitar da kuɗinka.

Mene ne DNA ɗin?

Jikinka ya ginu ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowacce akwai wani sinadari mai kamar dogon zare, shi ne DNA. Shi ke ɗauke da bayanan da ka gada: launin fata, rukunin jini, kamannin fuska, da wani kaso na tsayinka da lafiyarka. Masana suna karanta shi da haruffa huɗu, A da C da G da T, waɗanda ke jere har kusan biliyan 3. An gano siffarsa a 1953, aka kammala babban aikin karanta na ɗan Adam a 2003.

Zaren a naɗe yake cikin ƙulli 46 da ake kira kiromosom. Guda 23 daga mahaifinka, 23 daga mahaifiyarka. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka. Duk wanda ya je asibiti gwajin jini kafin aure aka ce masa shi AA ne ko AS, ya riga ya ga gadon da idonsa: harafi ɗaya na uba, ɗaya na uwa. Idan aka yi rashin dace yaro ya ɗauko S daga kowane ɓangare, shi ne ciwon sikila.

Ta yaya yawu zai ba da labarin kakanni?

Ka tuna yadda malamai ke kwafar littafi da hannu. Idan wani magabaci ya yi tuntuɓen alƙalami a shafi ɗaya, duk almajirin da ya kwafa daga nasa zai ɗauki wannan kuskuren, shi ma ya miƙa wa na bayansa. Bayan shekaru ɗari, idan ka tara kwafe-kwafen, kurakuran za su nuna maka wanne ya fito daga wanne. Haka DNA yake. Ana kwafarsa daga iyaye zuwa 'ya'ya, jefi-jefi harafi ɗaya ya canza, canjin kuma ya zauna a zuriyar. Yawancin irin waɗannan canje-canje ba sa cutarwa ba sa amfanarwa, alama ce kawai. Kusan kashi 99.9 cikin 100 na DNA ɗin kowane mutum biyu a duniya iri ɗaya ne. A ɗan ragowar nan ake neman alamomin.

Aikin da ke kanka kaɗan ne. Za a aiko maka da 'yar kwalba. Ka yi rabin awa ba ci ba sha, ba goro ba taba, sannan ka tofa yawu har ya kai layin da aka zana. Idan ka rufe murfin, wani ruwa zai zubo ciki ya hana yawun lalacewa a hanya. Wasu kamfanonin kuma ɗan tsinke mai auduga suke bayarwa, ka goga a cikin kumatunka. Ba allura, ba ɗiban jini. Ka yi rajistar lambar kwalbar a intanet, ka mayar musu, bayan mako shida zuwa takwas sakamako ya shigo wayarka.

Gwajin iri nawa ne?

Iri uku ne, kuma kowanne da tambayar da yake amsawa.

Na farko yana bin kiromosom ɗin Y, wanda maza kaɗai ke da shi. Ɗa yana karɓarsa daga uba kusan yadda yake, uban ma daga nasa uban. Wannan shi ya fi kusa da abin da muke kira asali, tunda mu ta wajen uba muke lissafi. Idan ke mace ce, sai ki roƙi mahaifinki, ko baffanki, ko ɗan'uwanki da kuka haɗa uba, a gwada shi a madadinki. Kawu ba zai yi ba, domin shi layinsu daban ne.

Na biyu yana bin wani ɗan guntun DNA da ke cikin mitokondiriya, wato sashen da ke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi. Shi daga uwa kaɗai ake gadonsa. Namiji yana da shi, amma ba ya miƙa wa 'ya'yansa. Yana kai ka ga mahaifiyar mahaifiyar mahaifiyarka, har can baya.

Na uku, wanda aka fi saye, yana duba sauran kiromosom ɗin gaba ɗaya, a wurare kimanin 600,000 zuwa 700,000. Shi ke fitar da lissafin nan na kashi kaza Najeriya, kashi kaza Arewacin Afirka, kuma shi ke nemo dangi.

Wanne bayani ne za ka iya dogara da shi?

Dangantaka ta kusa. A nan gwajin ba ya wasa. Kai da mahaifinka kun haɗa kashi 50 cikin 100 na abin da ake aunawa. Kai da kakarka kimanin 25, haka ma kai da ɗan ubanka da ba ɗakinku ɗaya ba. Ɗan baffanka ko 'yar gwaggonka kimanin 12.5. Daga nan rabon yana ta raguwa, har ya zama bayan hawa biyar ko shida ana iya samun ɗan'uwa na gaskiya da gwajin ba zai gane shi ba.

Abubuwa biyu na gidajenmu suna taɓa wannan lissafi. Auren zumunci yana sa dangi su fito kamar sun fi kusa da yadda suke, domin jinin ya haɗu ta hanya fiye da ɗaya. 'Yan'uwantakar shayarwa kuwa ba ta fitowa sam, duk da nauyinta a shari'a. Wanda kuka sha nono ɗaya muharraminka ne, ko da na'ura ta ce ba ku haɗa komai ba.

Kuma kamfani ba zai haɗa ka da kowa ba sai wanda shi ma ya yi gwajin a wurinsu. Mafi yawan abokan cinikinsu a Amurka da Turai suke. Mutumin Jahun ko Kiyawa da ya yi gwaji ya fi yiwuwa ya ga dangi na nesa a Amurka, jikokin waɗanda aka sayar a zamanin cinikin bayi, fiye da ya ga 'yan'uwansa na Gwaram. Hausawa da yawa an tsallaka da su teku, musamman zuwa Bahiya a ƙasar Birazil, inda suka yi bore a 1807 da shekarun da suka biyo baya.

Zai gaya mini ni Bahaushe ne ko Bafulatani?

Nan ne mutane suka fi sa rai, nan ne kuma gwajin ya fi rauni.

Kamfani ba ya ganin sunan ƙabila a cikin yawunka. Abin da yake yi shi ne ya kwatanta naka da na wasu mutanen wannan zamani da ya tara a rumbunsa, sannan ya ce ka fi kama da waɗannan. Idan mutanenka ba sa cikin rumbun, sai ya jingina ka da wanda ya fi kusa. To, mutanenmu ba su da yawa a ciki. Babban aikin duniya da ake kira 1000 Genomes ya ɗebi samfurin Yarabawan Ibadan da na Esan daga Najeriya, bai ɗebi na Hausawa ko Fulani ko Barebari ba. A manyan binciken da ake yi kan DNA da cututtuka, sama da kashi huɗu cikin biyar na mutanen da aka gwada 'yan asalin Turai ne. Shi ya sa Bature yakan sami sakamakon da ya kai shi har lardin kakanninsa, kai kuma a ce maka "Najeriya" kawai, ƙasar da aka haɗe ta a 1914. Shi ya sa kuma kamfani biyu kan ba mutum ɗaya lissafi daban-daban, ko kamfani ɗaya ya canza maka kashinka bayan shekara idan rumbunsa ya ƙaru.

Amma ko da rumbun ya cika, akwai matsalar da ta fi wannan girma, ita ce yadda Hausa kanta take. Dubi Jigawa. Labarin baka ya ce wani maharbi Babarbare, Duna Magu, shi ya fara zama a Dutse, ya kira wurin Gadawur saboda yawan gada. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Fulani Yalligawa da Jalligawa suka karɓi sarautar garin. Gidan sarautar Gumel Mangawa ne, tushensu Borno. A Auyo an taɓa yin wani harshe na daban, Auyakanci, wanda ya ɓace, jikokin masu shi kuwa Hausa suke yi yau. Ta wajen Birnin Kudu akwai Warjawa. Ga fatake, ga almajirai da suka zo karatu suka zauna, ga hare-haren Ningi na ƙarni na 19 da suka ɗaiɗaita ƙauyukan kudancin yankin, ga waɗanda aka kawo a matsayin bayi zuriyarsu ta saje da gari. Duk waɗannan sun yi auratayya shekaru aru-aru. Hausa harshe ce da al'ada da zaman tare, ƙofarta kuma a buɗe take tun fil'azal. Babu wata alama guda a jini da dukan Hausawa ke da ita, wadda maƙwabtansu ba su da ita.

Sannan ka yi wannan lissafin. Iyayenka 2, kakanni 4, iyayensu 8. Idan ka hau hawa goma, wato kimanin shekara 250 zuwa 300, gurbin kakanninka ya kai 1,024. Asalin da ake faɗa a gidanku, haka ma gwajin Y, mutum ɗaya suke bi a cikin waɗannan. Rabin sauran mata ne da aka auro daga wasu garuruwa, galibi ko sunansu ba a riƙe ba. Don haka idan sakamako ya zo da abin da ba ka zata ba, ba lallai dattawa sun yi maka ƙarya ba. Su layi ɗaya suka kiyaye, na'ura kuwa kowa ta ƙirga.

Bayajida fa, da sharifai?

Mutanen Jigawa suna da rabo a labarin Bayajida, domin Biram, wadda ake dangantawa da Garun Gabas kusa da Haɗeja, tana cikin Hausa Bakwai. Gwajin DNA ba zai tabbatar da labarin ba, ba kuma zai ƙaryata shi ba. Dalili biyu ne. Babu samfurin jikin Bayajida da za a kwatanta da naka. Kuma tun da rabi kawai kake ɗauka daga kowane mahaifi, kakan da ya wuce hawa goma yana iya zama kakanka na gaskiya amma ko ɗigon DNA ɗinsa bai iso gare ka ba.

Haka zancen sharifta yake. Akwai wani reshe na Y mai suna J1 da ya yawaita a ƙasashen Larabawa, wasu kan ɗauka duk mai shi sharifi ne. Reshen ya girmi Musulunci da dubban shekaru, kuma miliyoyin mutane ke ɗauke da shi. Nasabar sharifai da salsala da shaidar malamai ake tabbatar da ita. Duk wanda ya ce zai sayar maka da takardar sharifta ta hanyar yawu, ka riƙe kuɗinka.

To me binciken ya gano game da mu?

Abin da ya gano ya fi zurfi a tarihi fiye da duk labaran sarauta, kuma a ganina nan ne daɗin ilimin yake.

Ƙasusuwan ɗan Adam irinmu mafi daɗewa a Afirka aka same su. Na Jabal Irhud a Maroko sun kai kimanin shekara 300,000. DNA ya nuna cewa mutanen sauran nahiyoyi sun fito ne daga wani ƙaramin rukuni da ya bar Afirka kimanin shekara 60,000 da suka wuce. Shi ya sa bambancin DNA tsakanin 'yan Afirka ya fi na ko'ina yawa. A 2020 shirin H3Africa ya karanta DNA ɗin mutum 426 daga ƙabilu 50 na nahiyar, ya sami alamomi sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba.

Game da yankinmu, a 2010 wani masani ɗan Italiya, Fulvio Cruciani, da abokan aikinsa suka bayyana wani reshe na Y da ake kira R1b-V88. Ya yawaita a tsakanin masu harsunan Cadi, dangin harsunan da Hausa da Bade da Ngizim da Warji ke ciki. A wasu ƙabilun tsaunukan arewacin Kamaru kusan duk maza na ɗauke da shi. A Hausawan Najeriya da suka gwada, kimanin ɗaya ne cikin biyar, sauran kuma suna kan wasu rassa. Reshen yana da 'yan'uwa na nesa a Turai da Asiya, amma sun rabu tun kafin a san wani abu wai shi Bature ko Bahaushe. Masana suna danganta yaɗuwarsa da lokacin da Sahara take kore shar, da tafkuna da ciyawa da makiyaya, shekara dubu biyar zuwa bakwai da suka wuce. Ƙasa ma ta ba da shaidar cewa yankin nan ya daɗe da mutane. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwalekwalen da ya kai shekara 8,000. A duwatsun Birnin Kudu kuma har yau akwai tsofaffin zane-zanen shanu waɗanda mutanen da can suka yi.

Fulani su ma an yi nazarinsu. Wani bincike na 2019 kan Fulanin Burkina Faso ya nuna mafi yawan gadonsu na Yammacin Afirka ne, da kimanin kashi ɗaya cikin biyar da ke da alaƙa da Arewacin Afirka da Turai. Da yawansu suna ɗauke da wata alama da ke sa babba ya sha madara ɗanya ba tare da ta ɓata masa ciki ba, abin da ya dace da rayuwar kiwo.

Wani lokaci mai sayen gwajin ne da kansa ke buɗe wa masana ido. A 2013 aka ba da rahoton wani reshe na Y da ya girmi duk waɗanda aka sani, aka sa masa suna A00. An same shi ne a zuriyar Albert Perry, wani baƙar fata na jihar Karolina ta Kudu a Amurka, bayan danginsa sun aika samfuri don neman asali. Da aka bincika sai aka sami irinsa a ƙabilar Mbo ta Kamaru.

Nawa ake kashewa?

Gwajin gama-gari, wato iri na uku, na kamfanoni irin su AncestryDNA da MyHeritage yakan kama kusan dala 100, wani lokaci ƙasa da haka idan ana rangwame. African Ancestry, wanda aka kafa a 2003 don baƙaƙen fatar Amurka, ya kai kusan dala 300. Da canjin 2025, dala 100 ta kama wajen naira 150,000. Ka ƙara kuɗin kawo kwalbar da na mayar da ita, wanda zai iya kusantar kuɗin gwajin kansa. Kafin ka biya, ka duba ko kamfanin yana aikowa Najeriya. Mutane da yawa ta hannun ɗan'uwa da ke waje suke samu.

Kada ka haɗa wannan da gwajin tantance mahaifi da ake yi a Legas da Abuja. Shi wancan mutum biyu ko uku yake kwatantawa, kuɗinsa ya fi yawa, kuma idan na kotu ne yana da ƙa'idojin ɗiban samfuri. Kada kuma ka ɗauke shi a madadin gwajin sikila. Wannan a asibiti ake yinsa da kuɗi kaɗan, kuma ga masu shirin aure ya fi gwajin asali muhimmanci nesa ba kusa ba.

Me addini ya ce?

A shari'ar Musulunci, wadda kotunan Jigawa ke aiki da ita, ɗan da aka haifa a cikin ingantaccen aure na mijin ne, kuma hanyar kore shi ita ce li'ani a gaban alƙali. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ta zauna a Makka a 2002 kan wannan batu. Ta yarda a yi amfani da DNA wajen binciken laifi, da inda jarirai suka cakuɗe a asibiti, da gano yaran da suka ɓata ko gawarwakin da ba a shaida ba. Ta hana a yi amfani da shi don soke nasabar da shari'a ta riga ta tabbatar, ko a fifita shi a kan li'ani. Idan niyyarka ta wuce sha'awar tarihi ta taɓa nasabar wani, ka fara zama da malami.

Wane haɗari ke ciki?

Na farko a cikin gida yake. Sakamakonka ba naka kaɗai ba ne, domin yana fallasa na iyayenka da 'yan'uwanka waɗanda ba su ce a gwada su ba. Yana iya fito da ɗan'uwan da ba a san da shi ba, ko ya nuna wanda aka riƙa tun yana jariri ba a gaya masa ba. A wurin da kalmar "marar asali" ke iya rusa baiko, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka tambayi kanka tun kafin ka tofa yawun: idan na ga abin da ban so ba, zan iya riƙe bakina? Kuma kada ka gwada kowa a ɓoye, yaro ne ko tsoho.

Na biyu a hannun kamfani yake. Lambar sirri ana canza ta idan ta fita, DNA kuwa ba ya canzuwa. A 2023 masu kutse sun kwashi bayanan mutum kusan miliyan 7 daga kamfanin gwajin asali na 23andMe, a watan Maris na 2025 kuma kamfanin ya shiga kotu ya bayyana karayar arziki, aka shiga cinikin wanda zai gaji rumbunsa. A 2018 'yan sandan Amurka sun kama wani tsohon mai kisan kai ta hanyar bayanan danginsa na nesa da ke shafin GEDmatch. Najeriya tana da Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta sa bayanan DNA cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma bin haƙƙinka a kan kamfanin da ke wata nahiya abu ne mai wuya. Ka duba ko za su bari ka goge bayananka, ka sa a zubar da samfurinka, ka kuma ƙi yarda a raba shi da masu bincike.

Daga ina zan fara?

Daga ɗakin tsohuwar gidanku. Sakamakon DNA ba ya zuwa da suna ko gari, kai ne za ka kawo su. Ka sami kakarka ko gwaggonka bayan la'asar, ka nemi izininta ka kunna rikodar waya. Kada ka ce mata "ba ni tarihinmu", za ta ce ba ta san komai ba. Tambaye ta ƙananan abubuwa: wa ya yi mata suna, daga wane gari aka kawo mahaifiyarta, wace irin aska ce a fuskar kakanta, su wa suke wasan taubasantaka da su, wace sana'a gidan ya gada, a wace shekarar yunwa ko zamanin wane hakimi suka taso daga tsohon ƙauyensu. Mata sun fi riƙe sunayen ɓangaren uwa, waɗanda su ne suka fi saurin ɓacewa.

Daga nan ka je wurin mai unguwa da limami, ka tambayi maroƙan gidan idan akwai, domin kirari yakan adana sunayen da kowa ya manta. Ka duba bangon tsofaffin littattafan gida, inda malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. Wanda ke son ya zurfafa, akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, inda rahotannin gundumomi na zamanin Turawa suke, har da na tsohon lardin Kano da Dutse ke ciki kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991.

Idan bayan wannan har yanzu kana son gwajin, kuma kuɗin mutum ɗaya gare ka, a gwada wanda ya fi kowa tsufa a gidan, da yardarsa. Kakanka yana ɗauke da ninki huɗu na abin da kai ka gada daga iyayensa, don haka dangin da naka yawun ba zai gano ba, nasa zai iya gano su.